Yadda Ake Kallon Zanen Manoman Italiya na Ƙarni na 19

Idan ka tsaya gaban zanen ƙauye na Italiya, a gidan tarihi ko a allon wayarka, fara da hasken da mai zane ya zaɓa, domin a nan yake bayyana abin da yake so ka ji. Ɗauki zanen Giovanni Segantini mai suna "Le due madri", wato uwaye biyu, na shekarar 1889, wanda ke birnin Milan. Wata matashiya ce take gyangyaɗi a garke da jariri a cinyarta, saniya da ɗan maraƙinta suna gefe, fitila kuma ta lulluɓe su da haske mai taushi. Kada ka yi gaggawar wucewa, domin zanen yana da kyau ƙwarai, kuma tausayin da ke cikinsa na gaskiya ne.

Daga nan sai ka tambayi kanka dalilin da ya sa mai jego take zaune cikin dabbobi da dare. A wancan zamani, a ƙauyukan arewacin Italiya, iyalai da yawa kan taru a garke lokacin hunturu saboda ɗumin jikin shanu, kasancewar itacen hura wuta yana da tsada. Manoma da dama suna noma gonar wani ne a raba amfanin gida biyu, an kuma ɗora musu harajin niƙan hatsi daga 1869 zuwa 1884, sannan cutar pellagra, wadda ƙarancin abinci mai gina jiki ke haddasawa, ta addabi waɗanda kusan ba su da abinci sai polenta, wadda ta yi kama da tuwon masara. Ba za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a fuskar matar ba.

Ka kuma tuna da masu sayen irin waɗannan zane-zane, waɗanda galibi attajiran birni ne masu kewar ƙauyen da ba su taɓa noma a cikinsa ba.

Abin da ya fi amfani, a ganina, shi ne ka ajiye wani zane kusa da shi. Nemi "Bestie da soma" na Teofilo Patini, na 1886, inda mata uku daga tsaunukan yankin Abruzzo na Italiya suka tsaya hutawa da dakon itace, gajiya ta gama cin jikinsu, sunan zanen kuma yana nufin dabbobin ɗaukar kaya. Dubi hannuwansu da yadda bayansu ya sunkuya, sannan ka koma ka dubi hannun da ya rungume jaririn nan a garken Segantini.