Yadda Ake Zaɓar Layin Kaya Kafin a Buɗe Shagon Tufafi

Da yawa daga cikin shagunan tufafin da ke rufewa tun ba su yi nisa ba, ranar sarin farko suka kwaso ciwon da ya kashe su. Mai shago zai shiga wurin 'yan sari da jarinsa, ya ɗauki rigunan mata dozin ɗaya, wandunan maza rabin dozin, kayan jarirai kaɗan, takalma ƙafa goma, jakunkuna biyar, wai don duk wanda ya shigo ya samu nasa. Shago ya yi kyan gani. Sai mai saye ta shigo, ta ga rigar da ta kwanta mata a rai, ta tambayi lambarta, wato girman da zai shige ta, a ce babu. Ta tambayi wata kala, a ce sai an sake sari. Ta fita ke nan, kuma da wuya ta dawo. Bayan wata shida abin da ya rage a rataye shi ne lambobin da ba sa shiga kowa, jari kuwa ya maƙale a cikinsu.

Maganin wannan shi ne a zaɓi layi ɗaya, wato nau'in kaya ɗaya, tun kafin a biya kuɗin haya.

Mataki na farko: rubuta wanda za ka sayar wa

"Kayan mata" ba layi ba ne, rabin duniya ne. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da abu uku: wane ne mutumin, don wane amfani yake sayen kayan, kuma ƙarfin aljihunsa nawa ne. Misali: mata masu jiki da ke zuwa ofis kullum, masu matsakaicin albashi. Ko iyayen da ke da yara daga haihuwa zuwa shekara 5. Ko leburori da makanikai masu neman wandon da zai jure wahala. In jimlar ta ƙi rubutuwa, ba ka shirya zuwa sari ba.

Manyan sunaye ma ta ƙaramar ƙofa suka shigo. Wani tela mai suna Jacob Davis a Amurka ya lura aljihun wandon ma'aikata yana yawan yagewa, sai ya riƙa buga ƙusar tagulla a bakin aljihun. Shi da Levi Strauss suka yi rajistar dabarar a 1873, kuma asalin wandon jins da ake sawa yau ke nan. Lena Bryant ta buɗe shagonta a New York a 1904, ta yi suna da ɗinka wa masu juna biyu, daga baya kamfanin Lane Bryant ya karkata ga mata masu jiki. Dukansu mutum suka gani da matsalarsa, sannan kayan suka biyo baya.

Rubuta irin wannan jimla guda uku. Kada ka wuce uku.

Mataki na biyu: fita ka ƙirga

Kada ka tambayi 'yan uwa da abokai ko za su saya. Kowa zai ce eh don kara, ranar biya kuma ba za ka gan su ba. Nemi mutum 30 daga cikin waɗanda ka rubuta, waɗanda ba su san ka ba, ka tambaye su abin da ya riga ya faru: yaushe suka sayi irin kayan na ƙarshe, a ina, sau nawa suke saye a shekara, me ya ɓata musu rai a cinikin. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce zinariyar. In mutum 10 cikin 30 suka kawo kuka iri ɗaya, kamar "ba na samun lambata" ko "wanki biyu ya koɗe", to ka ga ƙofa.

Teloli ma suna da labari. Tambaye su wane irin kayan kanti aka fi kawo musu gyara. In kullum rage tsawon wando ake kawowa, ko buɗa hannun riga, akwai mutanen da kasuwa ba ta auna su ba.

Sannan ka zaga shagunan da ke yin layin a inda kake son zama, ranar aiki da ranar hutu, ka ƙirga masu shiga da masu fitowa da leda a hannu. Ganin shaguna da yawa suna abu ɗaya bai kamata ya firgita ka ba, alama ce akwai masu saye. Layin da babu kowa a cikinsa shi ya fi cancantar tsoro, don sau da yawa wasu sun gwada sun gudu. In a intanet za ka sayar, karanta ƙorafin da masu saye ke rubutawa a ƙarƙashin hotunan masu irin kayan a Instagram da Facebook. Kyauta ne, kuma mutane sun fi faɗin gaskiya in sun fusata.

Mataki na uku: lissafin lamba da kala

A nan ne aka fi faɗuwa, don haka ka zauna da biro.

Tufafi ba kamar sauran kaya ba ne da guda ɗaya zai yi wa kowa. Riga samfuri ɗaya mai lamba 5 (S, M, L, XL, XXL) da kala 4, iri 20 ce a kan kanta. In ka ajiye uku-uku na kowane iri, riguna 60 ke nan a samfuri ɗaya tak. Samfuri 10, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da zai sa a ce akwai zaɓi, ya zama guda 600. Wannan duka layi ɗaya ne.

Yanzu a ce jarinka zai sayi guda 300. In ka raba shi gida huɗu, maza, mata, yara da takalma, kowane gida ya samu 75, wato da kyar ya wuce samfuri ɗaya cikakke. Dole ka koma ɗaukar ɗai-ɗai, kuma da zarar M da L sun fita a makon farko, samfurin ya mutu. Sauran lambobin za su zauna suna shan ƙura. Kwantai a harkar tufafi galibi ta nan yake farawa, ko da kayan masu kyau ne.

In kuwa layi ɗaya ka zuba wa duka 300 ɗin, ga yadda zai tsaya. Rage kala zuwa 3. Kada ka sari lambobi daidai wa daida, don mutane sun fi yawa a tsakiya: ɗauki S 1, M 2, L 3, XL 2, XXL 1. Guda 9 ke nan a kowace kala, 27 a kowane samfuri, kuma 300 zai ba ka samfuri 11 cikakku. Wanda ya shigo zai samu lambarsa a cikin abin da ya gani. Wannan rabon na farawa ne kawai, littafin cinikinka zai gyara maka shi bayan wata biyu. A kala uku ɗin nan, biyu su zama masu duhu ko marasa hayaniya, ɗaya kawai mai ɗaukar ido. Mai ɗaukar idon ita ke jawo mutum ciki, amma baƙa da shuɗiya mai duhu su ke biyan haya.

Sai riba. Masu farawa suna lissafi kamar duk kayan za su fita a farashin farko, alhali da wuya hakan ta faru. A ce ka sari guda 100, kowane ya iso shago a kan 10, da kowane irin kuɗi kake lissafi. "Ya iso shago" na nufin har da kuɗin mota, dako, haraji da waɗanda suka zo da aibi. Ka kashe 1,000. Ka sa 20 a kowane. Guda 60 suka fita a haka, 1,200. Guda 25 sai da ka rage kashi 30 cikin 100, suka fita a 14, 350. Sauran 15 ka karyar a 8, 120. Ka tashi da 1,670, ribar 670, kuma daga ciki za a cire haya, wuta da albashin yaron shago.

Sake lissafin a layin da gasa ta matse farashi, inda ba za ka iya wuce 13 ba. Guda 60 sun ba ka 780, guda 25 a kan 9 sun ba ka 225, sauran 15 sun ba ka 120. Jimla 1,125. Ribar 125 ce a kan wahala iri ɗaya, kuma haya kaɗai za ta haɗiye ta. Saboda haka duk layin da kasuwa ba za ta yarda ka kusan ninka kuɗin sari ba, soke shi daga takardarka, sai fa in kayan na fita da gudun da jari zai juya kusan kowane wata.

Yi wa kowanne daga cikin layuka ukun da ka rubuta a takardarka wannan lissafi. Yawanci ɗaya zai faɗi da kansa.

Mataki na huɗu: san halin layin

Kowane layi da inda yake cizo.

Kayan yayi na 'yan mata suna fita da sauri, ribarsu na da kauri, amma ajalinsu gajere ne. Abin da bai fita cikin wata biyu zuwa uku ba, yayinsa ya wuce, ko a uwar kuɗi sai an yi roƙo. Mai ƙaramin jari da ba ya iya zuwa sari akai-akai ya bar wannan layin.

Kayan maza na yau da kullum ba sa gudu, amma ba sa tsufa. Farar riga ta bara ita ce ta bana. Matsalarsu wando, don yana da awo biyu, ƙugu da tsawo, sai iri ya ninku.

Kayan yara su ne na fi ba mai farawa shawara a kai, don yaro ba ya daina girma, kuma uwar da ta ji daɗin shagonka za ta yi shekaru tana zuwa. Sai dai lambobinsu sun fi na kowa yawa. Shekarar farko kaɗai ana raba ta wata 0 zuwa 3, 3 zuwa 6, 6 zuwa 9, 9 zuwa 12, ga kuma na maza da na mata. Kada ka ce "yara" gaba ɗaya, yanke: haihuwa zuwa shekara 2, ko shekara 2 zuwa 7. Lambar sabon haihuwa a ɗauke ta kaɗan, jariri makonni yake yi ya fi ƙarfinta.

Mata masu jiki su ne masu sayen da suka fi riƙe amana, don sun gaji da jin "babu". Amma yadi ya fi ci, sari ya fi tsada, masu kawowa ba su da yawa, kuma lambar da ke wuyan riga ba abin yarda ba ce. XXL ɗin da aka ɗinka don kasuwar Asiya yakan yi ƙanƙanta sosai a kan na Turai ko Amurka. Tef za ka riƙe, ka auna ƙirji da ƙugu, ka manna naka awon.

Kayan masu juna biyu akwai buƙata, amma mai sayen 'yan watanni take yi ta wuce, kullum kana neman sabuwa. Sun fi kyau a haɗe da kayan jarirai, tunda mutum ɗaya ce. Yunifom ɗin makaranta cinikinsa na 'yan makonni ne kafin komawa karatu, sauran shekara shiru, kuma makaranta na iya sauya samfuri ta bar ka da kaya. Gwanjo ba ya cin jari da yawa, sai dai dila a rufe take zuwa, kuma kaso kaɗan ne na sama da zai mayar maka da kuɗinka.

Mataki na biyar: mai kawo kaya

Layi ba ya tsayawa da ɗan sari ɗaya. Nemi biyu aƙalla. Tambayi kowanne abu uku: mafi ƙarancin abin da zai sayar maka, ko zai yarda ka zaɓi lambobi ko sai a ƙunshe yadda kamfani ya haɗo, da kwana nawa zai ɗauka in ka nemi ƙari. Ta ukun ta fi farashi muhimmanci. Wanda zai cike maka gurbin L cikin kwana 5 ya fi mai rahusar da sai ka jira wata biyu. Sayi guda ɗaya, auna shi, wanke shi sau uku, sake aunawa. In ya tsuke ko ya zuba, kuɗin riga ɗaya ka yi asara.

Mataki na shida: gwaji

Kada ka kama shago tukuna. Ware kashi ɗaya cikin huɗu na jarin, sari samfuri 3 cikakku a layin da ya tsira, ka sayar daga gida, ta WhatsApp, ko a kan tebur a gefen shagon wani, na tsawon mako 6. In fiye da rabi ya fita a farashin farko, kuma ga baƙi, ci gaba. In bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, duba farashi da hotuna sau ɗaya, in bai motsa ba koma kan na biyu a takardarka. Bashi da cinikin dangi ba sa shiga lissafin, haka ma gwajin da ya faɗo a tsakiyar lokacin bukukuwa, don a lokacin komai fita yake yi.

Ajiye littafi biyu, ɗaya na abin da aka saya, ɗaya na abin da aka tambaya ka ce babu. Na biyun shi zai gaya maka abin da za ka saro.

Faɗaɗawa sai jari ya juya sau biyu ko uku. In lokacin ya yi, ƙara abin da mai sayenka ɗin nan yake buƙata: mai kayan jarirai ya ƙara safa, hula da tawul, mai wandon aiki ya ƙara bel da riga mai kauri. Abin da aka tambaya sau 10 a littafin "babu" shi ke fara shiga, kuma da dozin ɗaya.