Yadda za ka koyar da darasin Ruwanda a ajin da yaransa suka san ƙarar bindiga

A manhajar Gwamnati ta babbar sakandare akwai babin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kuma yawancinmu mukan wuce shi a gurguje. An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, ga rassanta, ga ƙasashe 5 masu kujerar dindindin, ga nasarori, ga matsaloli. Yaro ya haddace "ƙarancin kuɗi" da "hawa kujerar na-ƙi", ya juye a takardar jarrabawa, ya manta. Ni a Gusau nake koyarwa, kuma a kowane aji ina da yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Maru, Anka, Tsafe ko Zurmi da kayan jikinsu kaɗai. Irin waɗannan yara sun cancanci a gaya musu yadda ake yi har masu bindigar kare jama'a su tsaya suna kallo. Shi ya sa nake ware darasi biyu cur ga abin da ya faru a Ruwanda a 1994. Ga yadda nake tafiyar da shi, ko wani malami zai ɗauki abin da ya yi masa.

Tun kafin ranar, ka san ajinka. Ka tambayi malamin aji wane ne aka kashe wa mahaifi, wane ne aka taɓa sace wa ɗan'uwa, sannan ka kira su gefe ka gaya musu abin da za a tattauna, ka ba su zaɓin zama ko fita ba tare da kowa ya tambaye su dalili ba. Kada ka kawo hoton gawa ko ɗaya. Intanet cike take da su, amma yaron da ya ga gawa a ƙofar gidansu ba ya buƙatar ka nuna masa a waya, wanda bai gani ba kuma hoton zai ɗauke masa hankali daga tunani. Allo da alli sun ishe ka.

Fara da lissafi. Rubuta 800,000 a allo, ka rubuta kwana 100 a ƙarƙashinsa, ka ce wani ya fito ya raba. Zai samu 8,000. Ka ce musu kusan wannan adadin ake kashewa kowace rana daga 7 ga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, galibi 'yan ƙabilar Tutsi, tare da 'yan Hutu da suka ƙi goyon bayan kisan, kuma da yawa da adda da kulki aka kashe su, a hannun maƙwabtan da suka san su. Ka ƙara musu cewa Ruwanda ba ta kai jihar Zamfara faɗin ƙasa ba. Daga nan aji kan yi tsit, kuma a lokacin ne za ka faɗi abin da darasin ya tsayu a kansa: sa'ad da aka fara wannan kisa, akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 2,500 a cikin ƙasar.

Tarihin baya ka taƙaita shi ƙwarai. Turawan Beljiyam da suka yi wa ƙasar mulkin mallaka sun sa ƙabilar mutum a katin shaidarsa, wannan kati ne daga baya ake dubawa a shingen hanya. An shiga yaƙi a 1990 tsakanin gwamnatin Shugaba Juvénal Habyarimana, ɗan Hutu, da 'yan tawayen RPF, waɗanda galibinsu Tutsi ne. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Arusha ta Tanzaniya a Agustan 1993, sai Kwamitin Sulhu ya kafa rundunar wanzar da zaman lafiya mai suna UNAMIR a Oktoba don ta sa ido a kan yarjejeniyar, ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada. Minti 10 sun isa. Inda za ka daɗe shi ne takardar 11 ga Janairu.

A ranar 11 ga Janairun 1994, wata uku kafin a fara kisan, Dallaire ya aika saƙon gaggawa zuwa hedkwata a Niyok. Wani na cikin gida daga masu horar da Interahamwe, wato 'yan daban Hutu na jam'iyya mai mulki, ne ya tsegunta masa cewa an umarce shi ya yi rajistar duk Tutsin da ke Kigali, babban birnin ƙasar, kuma yana zargin don a ƙarar da su ne. Cewa mutanensa na iya kashe mutum 1,000 cikin minti 20. Cewa akwai wuraren da aka ɓoye makamai kuma zai nuna. Cewa ana shirin kashe sojojin Beljiyam don ƙasarsu ta janye. Dallaire ya ce zai kai samame ya ƙwace makaman. Sashen wanzar da zaman lafiya, wanda Kofi Annan ke shugabanta a lokacin, ya hana shi, ya ce hakan ya wuce hurumin rundunar, ya je ya sanar da Shugaba Habyarimana da ofisoshin jakadancin Beljiyam, Faransa da Amurka.

Rubuta abin da saƙon ya ƙunsa da Hausa a takarda guda, ka raba aji kashi uku. Kashi ɗaya su ne Dallaire, ɗaya ofishin Niyok, ɗaya ƙasashen da ke ba da sojoji da kuɗi. Ka ba kashi na biyu da na uku abin da ke cikin kawunan waɗancan mutane a lokacin: a Oktoban 1993 an kashe sojojin Amurka 18 a Mogadishu, Amurka ta ɗauki aniyar ba za ta sake tsoma hannu a rikicin Afirka ba, kuma an kafa UNAMIR ƙarƙashin babi na 6 na kundin Majalisar, wanda ya dogara da yardar masu rikici, ba babi na 7 da ke ba da damar amfani da ƙarfi ba. Sai ka bar su su yi muhawara kafin ka gaya musu amsar da aka bayar. Abin da na fi so a wannan aiki shi ne, sau da yawa yaran da ke matsayin Niyok su ma sukan ce a dakata, a ƙara bincike, kada a jawo fitina. In ka bayyana musu abin da ya biyo baya, sun riga sun ji a jikinsu cewa mutane masu hankali da takardu a gabansu ne suka yanke shawarar, kuma kowannensu yana da hujjar da yake ganin ta ishe shi.

Abu ɗaya nake hanawa sarai: kada ka raba yara ka ce waɗannan Hutu ne, waɗancan Tutsi. Suna fita tara sunan zai bi su, kuma a ajinmu akwai Hausawa akwai Fulani, kowa ya san inda zancen zai karkata.

A darasi na biyu ja dogon layi a allo ka jera ranaku. 6 ga Afrilu, an harbo jirgin Habyarimana dab da Kigali, ya mutu tare da shugaban Burundi. 7 ga wata, an kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam 10 da aka tura su gadinta, daidai yadda mai tsegumin ya faɗa tun Janairu. Cikin 'yan kwanaki Faransa, Beljiyam da Italiya suka turo sojoji masu kayan aiki, suka kwashe 'yan ƙasashensu, suka tashi. 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisa, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa mutum 270. 17 ga Mayu ya sake shawara ya amince da 5,500, amma aka yi ta jan ƙafa a kan wa zai ba da motoci masu sulke, wa zai biya kuɗin hayarsu, har RPF ƙarƙashin Paul Kagame ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli. Nasarar soja ta RPF ce ta tsayar da kisan. Dallaire ya sha nanata cewa da ya samu soja 5,000 masu horo da izinin aiki, da an ceci rayuka masu ɗimbin yawa.

Tsaya a 11 ga Afrilu ka ba da labarin makarantar koyon sana'a ta ETO da ke Kicukiro a Kigali, domin makaranta ce, yara suna iya ganin ta a idon zuci. Sojojin Beljiyam na UNAMIR sun yi sansani a cikinta, don haka mutane wajen 2,000 suka gudo suka cika harabar, mata da goyo, tsofaffi, 'yan makaranta. 'Yan daba suna zagaye a bakin shinge da addunansu, ba su shiga ba saboda sojojin suna nan. Rannan aka umarci sojojin su tafi filin jirgi don taimaka wa kwashe Turawa. Mutane suna roƙo kada a bar su, motoci suka fita. Aka tasa ƙeyar waɗanda suka rage zuwa tudun Nyanza, aka kashe mafi yawansu kafin gari ya waye. Ka tambayi aji: me ya kare waɗannan mutane na kwana huɗu? Amsar ita ce tsayuwar sojoji kaɗan a bakin ƙofa. Ba su yi wani yaƙi ba, kasancewarsu a wurin kawai ta isa, kuma tafiyarsu ce ta buɗe ƙofar.

Kada ka bar yara su tashi da tunanin kowa ya gudu. Gana ta ƙi janye sojojinta, kuma mataimakin Dallaire, Henry Anyidoho, ɗan Gana ne. Su da 'yan Tunisiya da wasu tsirarun jami'ai suka tsare dubban mutane a filin wasa na Amahoro da wasu wurare. Kyaftin Mbaye Diagne, Musulmi ɗan Senigal, ba ya ɗauke da makami, amma ya yi ta ɗebo mutane kaɗan-kaɗan a motarsa yana ratsa shingayen 'yan daba da lallami, har gutsuren bam ya kashe shi ranar 31 ga Mayu. A 2014 Majalisar ta kafa lambar yabo ta jarumta da sunansa. Nijeriya ma tana cikin Kwamitin Sulhu a shekarar, kuma jakadanmu Farfesa Ibrahim Gambari yana cikin waɗanda suka nemi a ƙarfafa rundunar maimakon a rage ta. Wani abin takaici da yara kan yi mamakinsa: gwamnatin Ruwanda da ke aikata kisan ita ma tana zaune a kwamitin a matsayin mamba. A 1999 kwamitin bincike mai zaman kansa ƙarƙashin Ingvar Carlsson, tsohon firaministan Suwidin, wanda Janar Rufus Kupolati na Nijeriya ke cikinsa, ya tabbatar da cewa Majalisar ta gaza, ya ɗora laifin a kan ƙarancin kayan aiki da rashin niyyar ƙasashe.

Yanzu ka shirya wa tambayar da ba ta taɓa fasa zuwa. Wata yarinya ta yi min ita daga bayan aji, muryarta ƙasa-ƙasa: "Malam, to mu wa zai zo?" Kada ka kauce, kada kuma ka yi alƙawarin da ba naka ba. Ka gaya musu dakarun Majalisar ba sa shiga ƙasa haka kawai, sai Kwamitin Sulhu ya amince, kuma a al'ada sai gwamnatin ƙasar ta yarda. A 2005 shugabannin duniya sun amince cewa nauyin kare jama'a daga kisan kiyashi yana wuyan gwamnatin ƙasarsu tukuna, sai ta gaza ko ta ƙi ne sauran duniya ke da alhakin shigowa. Don haka haƙƙinsu yana kan hukumomin ƙasarsu, kuma neman wannan haƙƙi ba roƙo ba ne.

Ka bambance musu al'amuran biyu da kyau. A Ruwanda gwamnati ce da sojojinta da jerin sunaye da gidan rediyon RTLM suka shirya ƙarar da ƙabila guda. Abin da ke addabar mu na 'yan bindiga, garkuwa da mutane, kuɗin fansa, harajin noma da ramuwar gayya, masifa ce babba, amma tsarinta daban ne, kuma malamin da ya ce duk ɗaya ne ya zalunci tarihin biyu. Inda suka yi kama wuri biyu ne. Na farko, labari yakan iso kafin hari, sai ya maƙale a hannun wanda ke jiran umarni. Na biyu, ɗora laifin wasu a kan ƙabila ɗungurungum. RTLM tana karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya, kuma kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure jagororinta a 2003 saboda abin da suka watsa. Ka tambayi yara irin saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp na gidajensu bayan kowane hari, da sunan da ake kiran wasu mutane da shi. Ka saurara fiye da yadda za ka yi magana. In wani ya fara zagin ƙabila, ka tsayar da shi nan take cikin natsuwa, ka tuna cewa mai yiwuwa zafin rashi ne ke magana, sannan ka neme shi bayan an tashi.

Aikin gida da nake bayarwa shi ne kowa ya rubuta takardar gargaɗi ta shafi ɗaya, a matsayin magatakardan wani ƙauye na ƙirƙira da ya samu labarin za a kawo hari. Dole takardar ta nuna ranar da aka ji labarin, abin da aka gani da ido daban da abin da aka ji a baki, yawan mutanen da ke cikin haɗari, ainihin taimakon da ake nema, da ofisoshin da aka aika wa kwafi. Saƙon Dallaire bai hana kisan ba, amma da yake a rubuce yake da kwanan wata, ba wanda ya iya cewa daga baya ba a sanar da shi ba. Ka gargaɗe su sosai kada su sa sunan ƙauyensu na gaskiya ko na wani mutum, don a yanayinmu takarda mai suna tana iya jawo wa gida bala'i in ta faɗa hannun da bai dace ba. Wajen ba da maki, na fi fifita wanda ya raba abin da aka tabbatar da jita-jita a kan wanda ya iya tsara kalamai.

In zangon karatu ya ba ka sarari, ƙara darasi na uku a kan Srebrenica ta Bosniya, inda a Yulin 1995 dakarun Ratko Mladić suka kashe maza da samari Musulmi kusan 8,000 a garin da Majalisar ta ayyana a matsayin tudun mun tsira, sojojin Holan suna wurin. Ka bi tsari ɗaya, layin ranaku a allo, sannan ka bar yara su nemo da kansu ranar da ya kamata a ce wani ya yanke shawara daban.