Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Man da Za a Iya Haƙowa Daga Fili

Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a shekarar 2011, da ƙarfin tace ganga dubu 20 a kowace rana daga ɗanyen man da ake turowa ta bututu daga filayen mai na Agadem, mutane suke tambayar shekara nawa man zai kai. Mai son amsa dole ne ya fara raba abu biyu: man da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, da wanda za a iya fitarwa a sayar da riba. Na biyun shi ne ajiyar da ake lissafin kuɗi a kanta, kuma kullum bai kai na farkon ba.

Man ba tafki ba ne a cikin ƙasa. Yana maƙale ne a ƙananan ramukan dutse, kamar yadda ruwa yake zama cikin yashin kwari bayan damina. Saboda haka aikin farko shi ne auna dutsen. Binciken sismik, wato aika girgiza cikin ƙasa a auna dawowarta, yana nuna faɗin wurin da man ya taru, na'urorin da ake zurawa cikin rijiya suna nuna kaurin dutsen da ke ɗauke da mai, guntayen dutsen da aka ciro kuwa a ɗakin gwaji ake gano yawan ramukansu da kason da ruwan gishiri ya mamaye.

A ɗauki misali na koyo. Idan faɗin filin murabba'in kilomita 4 ne, kaurin dutsen mita 15, to girmansa kubik mita miliyan 60 ne. Idan ramuka kashi 20 cikin ɗari ne, an sami miliyan 12. Idan ruwa ya cinye kashi 30 na ramukan, saura miliyan 8.4. Sai a raba da ma'aunin ƙanƙancewa, a ce 1.2, domin man yana raguwa idan ya iso sama, gas ya fice daga cikinsa, zafinsa ya sauka. An tashi da kubik mita miliyan 7, kuma tun da kowane ɗaya ganga 6.29 ne, man da ke kwance ya kai ganga miliyan 44.

A nan ne masu gaggawa suke tsayawa su yi shela, alhali saura mataki mafi nauyi, wato kason da zai fito. Wannan ya danganta da kaurin man, da sauƙin ratsawarsa cikin dutse, da abin da ke tura shi zuwa rijiya. Filin da gas ɗin cikin mai ne kaɗai yake tura shi yakan ba da kaso kaɗan, wanda ruwan ƙarƙashi yake turawa ko ake dura masa ruwa yakan ba da fiye da haka, matsakaicin duniya kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ne. Da kashi 30, misalinmu ya koma ganga miliyan 13, abin da matata irin ta Damagaram za ta shanye cikin ƙasa da shekara biyu.

Bayan an fara haƙo man, filin da kansa yake gyara lissafin, kuma a ganina shaidarsa ta fi ta taswira ƙarfi. A riƙa rubuta abin da kowace rijiya ta fitar na mai da gas da ruwa, a riƙa rufe ta lokaci-lokaci ana auna matsin da ke cikin dutsen mai. Idan an fitar da mai mai yawa amma matsin bai faɗi sosai ba, ko dai filin ya fi yadda aka zata girma, ko ruwa ne yake shigowa, kuma kuskure ne babba a ɗauki na biyun a matsayin na farko. Akwai kuma hanyar bin raguwar fitarwa da wani masanin haƙar mai, Arps, ya tsara a 1945: rijiyar da ke ba da ganga dubu ɗaya a rana, tana raguwa da kashi 15 kowace shekara, za ta sauko zuwa ganga 100 cikin kimanin shekara 14, bayan ta ba da wajen ganga miliyan 2. Hanyar ba ta da amfani idan an sauya famfo ko an taƙaita rijiyar da gangan.

Kada a miƙa adadi ɗaya tilo. Ƙa'idar da aka saba ita ce a kawo uku: 1P, wanda ake da tabbacin kashi 90 za a samu, da 2P mai kashi 50, da 3P mai kashi 10. A kuma faɗi farashin ganga da hanyar kai man kasuwa da aka gina lissafin a kansu, domin man da ba shi da mafita ba a ƙirga shi cikin ajiya. Kafin 2024 matatar Damagaram ce kusan kaɗai take karɓar man Agadem. Da aka buɗe bututun da ya doshi kilomita dubu 2 zuwa tashar Seme a Benin, filayen da aka gano tun da daɗewa suka sami damar shiga lissafi ba tare da dutsensu ya sauya ba.