Kafin ka sayi buhun siminti, fara duba ƙasar fulotinka

Jama'a wallahi abin nan yana damuna, mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi ya gina gida da bulon siminti ya rufa kwano, watan Afrilu na kamawa ɗaki ya koma tanda, sai kwanan tsakar gida ko janareto har asuba. Ga shi kuma kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya daga yin siminti yake fitowa.

To mafita ita ce gini da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, ga inda za ka fara. Ka tona fulotin, ka wuce ƙasar sama mai saiwar ciyawa, ka ɗebo jar ƙasar ciki ka zuba rabin kwalba, ka cika da ruwa ka girgiza sosai ka bar ta ta kwana. Da safe za ka ga yashi ya kwanta a gindi, laka a sama. In yashi ya fi yawa laka daidai gwargwado to ka dace, in laka ce ta rinjaya bulon zai tsattsage sai an ƙara yashi.

Daga nan ka nemi masu injin matse bulo na hannu. Siminti ɗan kaɗan ake sa wa ƙasar, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ruwa ma kaɗan, yadda in ka dunƙula a hannu za ta riƙe ba ta manne maka ba. Bayan an buga a rufe da leda ana yayyafa ruwa, a ba shi sati huɗu, kar ka yarda magini ya yi maka gaggawa a nan don nan ne aikin yake lalacewa.

Masu cewa ginin ƙasa na talaka ne su je Dandaji a jihar Tawa ta Nijar su ga masallacin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana, da irin bulon nan aka gina shi aka gama a 2018, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya zama laburare.

Abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne, don haka harsashi a ɗaga shi sama da dutse ko kankare, rufi ya zarce bango sosai, indararo ya watsa ruwa nesa. Tagogi a sa su kudu da arewa suna kallon juna iska ta ratsa, bangon yamma kuwa tun ranar da aka fara haƙa harsashi ka dasa masa darbejiya, amma ɗan nesa da bango saboda saiwa.