Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta kuɗin ayyukan tace ruwan ƙazanta, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya saba duba takardun neman kuɗi na ayyukan ruwan ƙazanta ya san yadda suke zuwa: adadi guda a shafin farko, wanda idan ka bi diddiginsa za ka tarar kuɗin gina matatar ne kawai. Alhali abin da ake son sani shi ne nawa za a kashe, daga yau har shekara 20 ko 30, kafin ruwan da ke fita daga gidaje da masana'antu ya riƙa isa kogi da tsabtar da doka ta nema. Tsakanin waɗannan lissafai biyu akwai tazara mai yawa, kuma a cikinta ayyuka suke mutuwa.

Ƙiyasin yawan ruwa ba tare da awo ba

Komai na lissafin a kan yawan ruwa yake zaune, kuma nan aka fi yin sakaci. Sai a ɗauko adadi daga littafi, a ce kowane mutum yana amfani da lita 200 a rana, a ninka da yawan jama'a, shi ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a fara da ruwan da ke isa gidaje a zahiri, daga famfo ne ko rijiyar burtsatse ko tanka, sannan a ɗauki kusan kashi 80 cikin 100 a matsayin wanda zai dawo cikin bututu. Gari mai mutum 100,000 da kowa ke samun lita 100 zai fitar da kubik mita 8,000 a rana. Da an yi masa lissafi da lita 200, da an gina matata mai cin 16,000, rabinta zaune babu aiki, ga bashin da aka gina ta da shi yana tafiya.

Akwai kuma kuskuren da ke kishiyar wannan, wato dogara da matsakaicin kwarara. Ruwa ba ya zuwa daidai wa daida. Da safe da maraice yakan yi tururuwa. Injiniyoyi sukan yi amfani da ƙa'idar Harmon don gano hakan: ga gari mai mutum 10,000, kwarara a lokacin cunkoso takan kusa ninka matsakaici sau 3, ga mai 100,000 sau 2, ga mai miliyan 1 kuwa kusan sau 1.4. Da wannan adadi ake auna faɗin bututu da ƙarfin injinan turo ruwa. A ƙara da ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa da ke kutsawa ta tsagogin tsofaffin bututu da murafen ramukan dubawa. Inda akwai tsohon magudani, a sa na'urar auna kwarara a lokacin rani da lokacin damina. Sau da yawa za a ga gyaran bututun da ke yoyo ya fi faɗaɗa matata arha.

Batun ƙaruwar jama'a shi ma yana da tarko. Ƙaruwar kashi 3 a shekara takan mayar da mutum 100,000 su zama kusan 180,000 cikin shekara 20. Wannan ba ya nufin a gina ta mutum 180,000 tun yau. A sayi filin gaba ɗaya, a shimfiɗa manyan bututu da girman da za su kai, domin sake haƙa su yana da tsada, amma tankuna da injina a yi su kashi-kashi, kuma ƙiyasin ya nuna shekarar da kowane kashi zai buƙaci kuɗinsa.

Manta ƙarfin ƙazantar

Ruwa biyu na iya zama yawansu ɗaya, kuɗin tace su ya bambanta nesa ba kusa ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne BOD, wato yawan iskar oksijin da ƙananan halittu za su cinye kafin su narkar da dattin da ke cikin ruwan. Mutum ɗaya yakan fitar da giram 40 zuwa 60 a rana, kuma dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta ɗauki giram 60 a matsayin nauyin mutum guda. Mu koma garinmu na misali: giram 50 sau 100,000 ya ba da kilo 5,000 a rana. Idan ya narke cikin kubik mita 8,000, kowace lita tana ɗauke da miligiram 625. Cikin 16,000 kuwa rabin haka ne. Ke nan inda ruwa ya yi ƙaranci, ƙazanta ta fi kauri, kuma kwafo tsarin matata daga garin da ruwa ya wadata yakan sa a sayi injinan hura iska, masu ba ƙananan halittun nan oksijin, da ba za su isa ba.

Mahauta, majema, kamfanin sarrafa madara ko na lemo, guda ɗaya daga cikinsu na iya zuba nauyin da ya kai na dubban mutane. A lissafa su ɗaya bayan ɗaya, a ɗebi samfurin ruwansu na awa 24, kada a tsaya ga kwalba ɗaya da aka cika da rana tsaka. Sannan a yanke shawara tun wuri: su ne za su fara rage dattinsu a cikin harabarsu, ko matatar gari ce za ta ɗauka su biya?

Matata babu bututu

A garin da ba shi da magudanan ƙazanta, shimfiɗa bututu ya fi matatar kanta cin kuɗi, sau da yawa da rata mai faɗi. Duk da haka shi aka fi yi wa ƙiyasin gaggawa, a ce kilomita kaza sau farashin mita. Farashin mita kuwa ya dogara ne da zurfin rami, da ko ƙasar dutse ce ko yashi mai zubewa, da kusancin ruwan ƙasa, da kuɗin mayar da kwaltar da aka fasa. Ruwan cikin bututu yana buƙatar gudun aƙalla mita 0.6 a daƙiƙa don kada datti ya kwanta, don haka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko dai a yi ta ƙara zurfi ko a gina tashoshin turo ruwa, kowacce da wutarta da janaretonta da mai gadinta. Ƙiyasin da aka yi ba tare da awon gangaren ƙasa da gwajin haƙa ba, zato ne kawai.

Sai ɗan guntun bututun da ke haɗa gida da babban layi. Yawanci a kan bar shi a wuyan mai gida, shi kuwa yana da shaddarsa tana masa aiki, bai ga dalilin fasa tsakar gidansa ba. In gidaje 40 cikin 100 kaɗai suka haɗa, matatar da aka tsara wa 8,000 za ta samu 3,200, ruwa ya riƙa tafiyar hawainiya a bututu yana ruɓewa, iskar da ke tashi daga ruɓar ta cinye kankare, kuɗin shiga kuma ya gaza rabin abin da aka sa rai. Kuɗin haɗa gidaje, ko tallafinsa, ko rancen da za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan a bil, dole ya shiga ƙiyasi tun farko.

Kuɗin gudanarwa, inda aka fi faɗuwa

Matata ba a gama biyanta ranar da aka yanke ƙyalle. Wadda ke aiki da hura iska takan ci kilowat 0.3 zuwa 0.6 na awa a kan kowace kubik mita, kuma rabin wutar ko fiye yana tafiya ne ga injinan hura iskar. A kubik mita 8,000 a rana, idan aka ɗauki 0.45, ana maganar kilowat na awa kusan miliyan 1.3 a shekara. Ranar da aka kasa biyan wuta aka kashe injinan, ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin sai su mutu, kuma farfaɗo da su yakan ɗauki makonni. Akwai albashi, sinadarai, ɗakin gwaji, kayan gyara, wankin bututu da motocin aiki.

Abin da ya fi ɓuya shi ne sabunta kayan aiki. Bututu na iya shekara 50 zuwa 100, ginin kankare kusan 50, amma injinan turo ruwa da sauran injina 15 zuwa 20 ne, na'urorin lantarki da na sarrafawa kuwa 10 zuwa 15. Ƙiyasin shekara 30 da bai nuna sayen injina karo na biyu ba, bai cika ba. Gyaran wannan shi ne a yi rajistar kadarori: kowane inji da shekarar sa shi, halin da yake ciki, da kuɗin maye gurbinsa, sannan a riƙa ware kaso duk shekara.

Wannan lissafi ne ya kamata ya zaɓi fasaha, ba kuɗin gini kaɗai ba. Tafkunan tacewa, inda rana da gansakuka ke yin aikin, sukan ci fili murabba'in mita 2 zuwa 4 ga kowane mutum a ƙasashe masu zafi, amma kusan ba sa cin wuta. Matata mai injin hura iska ba ta kai rabin murabba'in mita ga mutum ba, sai dai tana son wuta dare da rana da ƙwararrun ma'aikata. A jera kuɗin kowanne shekara bayan shekara, a mayar da su darajar yau, wato abin da kuɗin da za a kashe nan gaba yake daidai da shi a yanzu, sannan a kwatanta. A ra'ayinmu, inda fili ke samuwa kuma wuta ba ta da tabbas, wanda ya ƙi tafki ya zaɓi inji shi ne ya kamata ya kawo hujja.

Laka ma tana nan. Duk dattin da aka cire daga ruwa yana komawa laka ne, kuma matse ta, busar da ita, ɗaukarta da zubar da ita na iya lashe har rabin kuɗin gudanarwa. Takardu da yawa layi ɗaya suke ba ta.

Ɗaukar ƙiyasin farko tamkar farashin kwangila

Ƙungiyar masu ƙiyasin kuɗin ayyuka ta AACE ta kasa ƙiyasi aji 5. Aji na 5, wanda ake yi tun aiki yana matsayin tunani, ainihin kuɗin na iya zarce shi da kashi 30 zuwa 100. Aji na 1, bayan an kammala zane, kuskurensa bai cika wuce kashi 15 ba. Matsalar ita ce adadin farko shi ke shiga kunnen masu yanke hukunci, ya zauna daram. Saboda haka a rubuta ajin kowane adadi kusa da shi, a ba da mafi ƙanƙanta da mafi girma, kuma kuɗin ko-ta-kwana ya yi daidai da ajin, ya riƙa raguwa yayin da zane ke kusantar kammaluwa.

A kuma faɗi shekarar farashin. Hauhawar kashi 8 a shekara takan ɗora kashi 47 cikin shekara 5, kuma tsakanin nazari da fara haƙa shekara 5 ba abin mamaki ba ne. A ware kayan da za a shigo da su daga waje daban, tunda su canjin kuɗi suke bi. Kada a ninka farashi kai tsaye da girma: ƙa'idar da aka saba da ita ta nuna ninka girman matata sau 2 yakan ƙara kuɗi kusan sau 1.5 ne, ƙaramar matata kuwa ta fi tsada a kan kowace kubik mita. Zane, sa ido a kan ɗan kwangila, nazarin muhalli, sayen fili, diyya da jawo wuta zuwa wurin duk kuɗi ne.

Rashin tsayar da matsayin tsabtar da ake nema

Sauko da BOD zuwa miligiram 25 ko 30 a lita, kamar yadda dokokin Turai da Amurka suka tanada, mataki ɗaya ne. Cire naitirojin da fosfaras wani mataki ne mai ƙarin tankuna da sinadarai, kashe ƙwayoyin cuta don a yi ban ruwa da shi wani ne daban. Dokoki kuma suna ƙara tsanani: a 2024 Tarayyar Turai ta sabunta dokarta, ta shigo da garuruwa masu nauyin mutum 1,000, ta kuma wajabta cire ragowar magunguna da kayan kwalliya a manyan matatu, inda kamfanonin da ke yin su za su ɗauki aƙalla kashi 80 na kuɗin. A bar fili da gurbin ƙari a zane.

Ƙirga abin da ke cikin bututu kaɗai

Kogi bai san daga ina datti ya fito ba. Ruwan sama da ya wanke tituna, takin da ya gangaro daga gonaki, da abin da motocin kwashe shadda ke zubarwa duk suna isa gare shi. Inda yawancin gidaje shadda suke amfani da ita, wurin karɓa da sarrafa abin da aka kwaso na iya zama aikin da ya fi gaggawa, kuma ya fi araha ƙwarai.

Ƙididdigar buƙatun kuɗin ayyukan ruwan ƙazanta da hukumar kare muhalli ta Amurka ke yi ta nuna yadda iyakar abin da aka ƙirga ke sauya adadi. Ta 2012 ta ba da dala biliyan 271 na shekara 20, ta 2022 kuwa biliyan 630. Wani ɓangare na tazarar ya zo ne daga shigar da gurɓatar da ba daga wuri guda take fitowa ba, irin ta gonaki, da tsarin shaddar gidaje, waɗanda jimillar 2012 ba ta ƙunsa ba. Ƙididdigar kuma tana karɓar buƙatun da ke da takardar shaida ne, don haka ƙaramin garin da ba shi da injiniyan da zai rubuta masa na iya fitowa kamar ba ya buƙatar komai. Mai tattara buƙatun yanki ya ware kuɗin taimaka wa irin waɗannan garuruwa su yi nazarinsu.

Haɗa buƙata da giɓi

Buƙata ita ce duk abin da za a kashe. Giɓi shi ne abin da ya rage bayan an cire kuɗin da ke da tabbas. Tushen kuɗi uku ne: abin da masu amfani ke biya, harajin gwamnati, da tallafi. Rance ba ya cikinsu, domin daga ukun nan za a biya shi. Rancen miliyan 100 a kan kashi 6 na shekara 20 yana neman kusan miliyan 8.7 duk shekara, ban da kuɗin gudanarwa.

Wajen lissafin kuɗin shiga, a yi amfani da abin da ake karɓa a zahiri, kada a ɗauki jimillar bil da aka raba. A kuma gwada nauyin a kan gidaje mafi ƙarancin samu, domin matsakaicin samun gari yakan ɓoye su. Ma'aunin da aka saba ji shi ne kada ruwa da tsabtace shi su wuce kashi 3 zuwa 5 na abin da gida ke samu. Daga nan a sake lissafin sau uku: in haɗa gidaje ya yi jinkiri da shekara 5, in farashin wuta ya ninka, in aikin gini ya zarce ƙiyasi da kashi 30. Kowanne ya nuna shekarar da asusun zai fara gazawa da kuma wanda aka rubuta zai cike ta.