Kurakuran da masu rubuta labarin yaro hatsabibi suke ta maimaitawa

'Yan uwa marubuta, labaran tsafi da ake rubutawa kwanan nan kusan duk kala ɗaya ne, yaro maraya, kishiyar uwa na gana mashi azaba, ya tsinci zobe a bola, kafin feji na goma har ya fara tashi sama. Haba jama'a.

Babban kuskuren shi ne buwaya ta kyauta. Mu nan Katsina wa ya taɓa jin an samu asiri a banza? Ɗan tauri sai an dafa shi, ɗan bori sai an yi mashi girka an killace shi kwana da kwanaki, kuma kowane asiri da dokarshi da makarinshi. To ka ɗora ma yaronka doka, kada ya ci abincin gidan rasuwa, ko kada ya waiwaya in an kira shi da dare, sannan ka kai shi inda dole ya karya ta, misali muryar uwarshi ce ke kira. Ku tuna yadda ake ba da labarin Korau da Sanau, sarakunan Katsina na dā, ai ba ƙarfi kaɗai ya kada Sanau a kokawa ba, sai da aka bi ta hannun matarshi aka raba shi da asirinshi, shi ya sa har gobe ake yi ma Korau kirarin yanka mashidi baƙon Sanau. Jarumin da ba ya da makari ba mai jin tsoro dominshi, mai karatu sai ya yi ta hamma.

Sai aron kayan Turawa, sanda mai tartsatsi da hula mai tsini da hawa tsintsiya, alhali ga layar zana ga baduhu ga sagau ga kurciya, ga guru da kambu. Amma don Allah a san aikin kowanne, na ga inda aka sa kurciya ta ɓatar da mutum daga ganin ido, yo kurciya ai korar mutum take daga garinsu ya shiga duniya, ɓacewa aikin layar zana ne, sagau kuma hannun mai kawo duka yake sandararwa. Wuraren ma muna da su, tuddan Durɓi ta Kusheyi, gindin tsamiya, ko Jangare birnin aljanu na 'yan bori.

Rikicin mulkin kuma nan ne ake kwafsawa sosai. Mugun boka wai yana son "mallakar duniya", ya yi me da ita? Dubi Daura, macijin rijiyar Kusugu ruwa kawai ya tare, ba a ɗiba sai Juma'a, da wannan ya juya gari guda. A sa faɗan ya zama kan abu da ake gani, rijiya, takobin sarauta, rawani, kuma tsakanin 'yan uba da fadawa da jakadiya mai kai gulma cikin gida. Tarihinmu ma ya isa makaranta, a 1807 sarautar Katsina ta koma hannun Ummarun Dallaje, tsofaffin sarakuna suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, a 1906 kuma ta koma gidan Dikko. Ka karanta ka ga yadda ake yi, amma ka ƙirƙiri garinka da sarkinka, kada ka jawo ma kanka sammaci.

Girman yaron kuwa ba ƙara mashi shekaru da gemu ba ne, a ga ya daina abin da yake yi da yana yaro. Kuma ko aljanu na mashi fadanci sai ya durƙusa ya ce ma kakarshi Iya ina kwana.

Maganar shirka kuma kada ka jira masu karatu su taso ka da ita. Sa ta a bakin malaminshi na allo tun farko, ya kira shi zaure ya tambaye shi ina ya samo abin da ke ɗaure a damtsenshi, kuma kada yaron ya samu amsa nan take.