Yadda injin niƙa roba zai ciyar da kansa har ya haifi na biyu

Zanen injin niƙa roba na Precious Plastic, shirin da Dave Hakkens ya fara a Holan a 2013, yana intanet kyauta. Kowane mai walda a Tudun Wada ko Sabon Gari zai iya sauke shi. Tunda babu sirrin da za ka sayar, kuɗinka na cikin aikin injin da kayan gyaransa.

Da farko haɗa inji ɗaya tak, kuma kada ka sayar da shi. Mota, wato injin lantarkin da ke juya wuƙaƙen niƙan, mai ƙarfin kilowat 2 zuwa 3 ta isa, amma sai da giya mai rage gudu zuwa wajen juyi 70 a minti. Wanda ya haɗa motar kai tsaye da sandar wuƙaƙe zai ƙona ta. Giyar ka neme ta wurin 'yan gwangwan. Wuƙaƙen kuwa a kai a yanka su da inji, don yankan hannu na barin giɓi, roba ta riƙa maƙalewa.

Sai ka sa shi aiki. Sayi robobi a hannun 'yan bola jari, ka ware su da lambar da ke gindinsu: 2 daban, 5 daban, gorunan ruwa masu lamba 1 gefe. Wanke, shanya, niƙa, sayar wa masana'antun roba a Kano kan kilo. Buhun da ya gauraya farashinsa faɗuwa yake, don kowace roba da zafin da take narkewa.

Ribar ka kasa ta uku: wuta da mai, albashin yara, sai kaso na uku da ba a taɓawa, ko da biki ya taso. Shi ne jarin inji na biyu.

Idan masu sayen inji suka fara zuwa, karɓi kafin alƙalamin da zai biya ƙarfe da mota gaba ɗaya, ka sayo su a ranar. Farashin da ka yanka kada ya wuce sati biyu, ƙarfe ba ya jiran kowa.

Duk gyaran da ka yi wa zanen ka wallafa shi. Wanda ya kwaikwaya a Samaru gobe wurinka zai zo sayen wuƙaƙe, muddin ma'auninku ɗaya ne.